Takardar Baba ta ce St. John's, allon ƙofa ya ce Rimi College

Ɗan Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau kwana 40 da rasuwar mahaifinmu. Jiya ni da yayata muka buɗe akwatinsa na ƙarfe, wanda tun muna yara ba mai taɓa shi. A can ƙasan kaya, cikin wata ambulan da ta yi ja don daɗewa, muka tarar da takardarsa ta gama sakandare, ta shekarar 1965. Sunan makarantar da ke jiki St. John's College, Kaduna. Tare da ita akwai hoto baƙi da fari: samari wajen 30 da gajerun wanduna, a tsakiyarsu wani Bature yana zaune cikin farar riga har ƙasa, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Baba yana layin baya, na uku daga hagu. Da kunnuwansa na gane shi, sak na ɗana.

Ni a Unguwar Rimi aka haife ni, na wuce ƙofar Rimi College sau ba adadi, amma sai jiya kawuna yake gaya mini ai ita ce St. John's ɗin. Mutumin da ban taɓa ganin ya rasa sahun farko a masallaci ba, ashe a hannun su Fada ya yi karatu. Manya da ke cikin zauren nan, don Allah ku ba mu tarihin makarantar. Wa ya kafa ta, yaya aka yi sunan ya canza, kuma yaya rayuwa take a ciki?

Bakaniya:
Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Ka adana hoton nan da kyau, kada ka bari a manna masa leda mai zafi, tana cinye tsohon hoto.

Baba Mai Ritaya:
Ɗana, sannu da rashi, Allah Ya ba ku haƙuri. Ni ban yi St. John's ba, tawa makarantar tana kudancin lardin Zazzau, na shiga 1962 na fita 1966. Amma ƙungiyar su Fada ɗaya ce ta riƙe mu da su, tsarin kuma ɗaya ne, don haka zan faɗa maka abin da na sani.

Ƙungiyar ita ce SMA, ta limaman Katolika masu aikin mishan a Afirka, wadda aka kafa a birnin Liyon na Faransa a 1856. A Arewa sun kafa sansani a Shendam a 1907. Waɗanda suka yi aiki a ɓangarenmu yawancinsu mutanen Ailan ne, ba Ingilishi ba, kuma ba sa son a haɗa su da Ingilishi ko kaɗan. Su ne suka buɗe St. John's a 1949 don yara maza. Kafin nan, a 1940, su Sista na ƙungiyar OLA sun riga sun buɗe ta 'yan mata a Kakuri, Queen of Apostles.

Me ya sa Kaduna? Tun zamanin Lugga, Turawan mulki sun yi wa sarakunan Musulunci alkawarin ba za a bar 'yan mishan su shiga garuruwansu ba. Shi ya sa za ka ga tsofaffin coci-coci da makarantun mishan a Sabon Gari suke, ko a ƙasashen da ba Musulmi ne suka fi yawa ba. Kaduna kuwa sabon gari ce gaba ɗayanta, gwamnati da jirgin ƙasa suka haife ta, kowace ƙabila akwai. Kuma ka lura da wani abu: a wannan shekara ta 1949 ne kwalejin gwamnati da ke Kaduna ta tashi ta koma Zariya, wadda yau ake kira Barewa. To ka ga yaron da ya gama firamare a Kaduna a lokacin, ƙofofin da ke gabansa ba su da yawa. Uban da ya hangi nesa sai ya kai ɗansa inda karatu yake.

Sunan ya canza a 1972, lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ta Tsakiya, a ƙarƙashin gwamnan soja Abba Kyari, ta karɓe makarantun mishan. St. John's ta zama Rimi College, Queen of Apostles ta zama Queen Amina, St. Paul's ta Angilika da ke Wusasa ta zama Kufena.

Ɗan Unguwar Rimi:
Baba na gode, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Yaya kuke wuni a ciki?

Baba Mai Ritaya:
Ƙararrawa ce sarkinmu. Wani guntun ƙarfen dogo ne aka rataye a bishiyar mangwaro, firifet ya buga shi tun duhu bai gama washewa ba. Ka tashi, ka gyara gado har sai bargon ya miƙe kamar an yi masa guga, ka ɗauki bokiti. Lokacin hunturu ruwan rijiyar nan kamar ya tsaga ƙashi. Daga nan mu 'yan Katolika sai coci. Shekarun farko da harshen Latin ake yin Mas, wato babbar ibadar Katolika, Fada ya juya mana baya yana fuskantar bagadi, muna amsawa da kalmomin da muka haddace. Ina aji huɗu abin ya fara sauyawa, bayan babban taron da aka yi a Fadar Paparoma daga 1962 zuwa 1965, aka fara yi da harshen da mutane ke ji. Ranar da na fara jin an yi addu'ar da Hausa a cocin ƙauyenmu, tsohuwata kuka ta yi.

Sha biyun rana in ƙarfen ya yi ƙara, duk inda kake sai ka tsaya cak, ko kana tsakiyar fili, a yi "A gaishe ki Maryamu". Bayan abincin rana akwai barcin dole na awa guda, ba ka da izinin ko yin tari da ƙarfi. Sai lebo: kowa da langalangarsa da yankin ciyawarsa, ranar Asabar kuma gona. Mu muka noma rabin abin da muka ci. La'asar ƙwallo, kuma Fada da kansa yake naɗe rigarsa ya shigo fili, fuskarsa ta yi jawur kamar gauta. Da dare firef, awa biyu, fitilar gas ɗaya a tsakiyar aji, ƙwari suna faɗowa kan littafi.

Abin da nake so matasa su riƙe shi ne wannan: malamanmu a cikin makarantar suke kwana. Fadan da ya koya maka lissafi da safe, shi zai zagayo ɗakin kwana da tocila ƙarfe goma, shi zai kai ka asibiti a tsohuwar motarsa in zazzaɓi ya kama ka. Littafin aikinka da ka miƙa yau, gobe zai dawo da jan biro a kowane layi. Ba su da iyali, ba su da wata sana'a a gefe. Mu ne aikinsu.

Malam Na Tudun Wada:
Allah Ya gafarta wa mamaci. Baba, da girmamawa, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Amma a faɗi ɗaya gefen. Mutanen nan ba don Allah-Annabi suka baro ƙasarsu su koya mana lissafi ba, addini suka zo yaɗawa, makaranta kuwa ita ce tarkon. Kakanninmu da suka ƙi kai 'ya'yansu ba jahilai ba ne, sun san abin da suke gudu. Yara nawa aka kai da suna ɗaya suka dawo da wani?

Baba Mai Ritaya:
Malam, ban musa maka ba, kuma su ma ba su taɓa ɓoyewa ba. Sunansu ma 'yan mishan. Ni kaina ta makaranta na zama Kirista, iyayena addinin gargajiya suke yi lokacin. Kalmar tarko ce kawai ban karɓa ba, don tarko ɓoye shi ake yi, su kuwa gicciye na rataye a kowane aji.

Alhaji Tsohon Akawu:
Bari in sa baki, tunda ni abin ya faru a kaina. Musulmi ne ni, ɗan Musulmi, kuma makarantar su Fada na yi, ba dai ta Kaduna ba. Mu bakwai ne Musulmi a ajinmu. Ranar da mahaifina ya kai ni, ya tsaya a gaban shugaban makarantar da buta a hannu, ya ce ta bakin tafinta: ga yaro na kawo a ba shi boko, addini kuwa yana da nasa. Fada ya ce ya ji.

Ba a taɓa cewa in bar sallah ba. Muna da wani ɗan ɗaki kusa da sito inda muke shimfiɗa buzu. Da azumi, kuku yakan ajiye mana tuwon dare a rufe mu yi sahur da shi, da sanyinsa da komai. Amma kuma ba zan yi ƙarya ba, akwai matsi irin wanda ba a faɗa da baki. Addu'ar asembili ta kowa ce, kana tsaye ana yi. Darasin Baibul na ɗauka har jarrabawar ƙarshe don babu malamin addinin Musulunci, na kuwa ci shi da kyau. Juma'a ba kullum ake barinmu fita ba, sai in shugaban da ke kai mai sauƙi ne. Yaro ɗan shekara 13 da ke nesa da gida, in gidansu ba a dasa masa tushe ba, zai iya tafiya. A cikinmu bakwai ɗaya ya tafi. Shida mun fito yadda muka shiga, biyu ma sun zama limamai a unguwanninsu.

Abin da ya fi ci mini rai ba addini ba ne, harshe ne. In aka kama ka kana Hausa, sai a rataya maka wani katako a wuya, ba ka rabuwa da shi sai ka kamo wani. Wanda ya kwana da shi, bulala da yankan ciyawa. Wannan ya sa muka riƙa yi wa juna leƙen asiri. Har yau in na tuna abokina da na miƙa wa katakon nan don ya ce mini "sannu" lokacin da na yanke da langalanga, sai raina ya ɓaci.

Malam Na Tudun Wada:
To Alhaji ai ka faɗa da bakinka. Ɗaya cikin bakwai kaɗan ne?

Alhaji Tsohon Akawu:
Ba kaɗan ba ne, uwarsa ta yi kuka har ta gode Allah. Na faɗa ne don kada a ce ba a yi ba. Amma katakon harshe har makarantun gwamnati an yi shi, ka tambayi duk wanda ya yi makarantar kwana a lokacin. Kuma aikin da na riƙe shekara 35 na ciyar da gidanmu, na kai iyayena Makka, daga ajin nan ya fito. Duka biyun gaskiya ne, ba zan yar da ɗaya don in faranta wa wani ba.

Mama 'Yar Kakuri:
Ku maza kun cika zauren da naku, ku ba mu wuri. Ni Queen of Apostles na shiga, Queen Amina na fita, canjin sunan a kaina aka yi. Mun tafi hutu da baje ɗaya, muka dawo aka ce a ɗinka wani.

Ku tuna a 1940 aka buɗe makarantar nan, lokacin da ko namiji samun sakandare a Arewa sai mai rabo, balle mace. Su Sista sun koya mana Turanci da lissafi da kimiyya, sun kuma koya mana ɗinki da girki da yadda ake kula da jariri. Ranar Asabar ana duba ɗaki: Sista ta sa yatsa a saman taga, in ta ga ƙura kowa ya sake. Farce, gashi, wuyan riga, duk sai an gani. A lokacin muna ganin takura ce. Da na zama nas na riƙe ɗakin haihuwa, sai na tarar yatsan nan nake sawa a kan taga.

Kakuri kuwa a lokacin gari ne mai rai. Masaƙar KTL tana aiki tun 1957, in ma'aikata suka tashi sai ka ga kekuna sun cika titi kamar fari. Mu kan leƙa ta shinge muna ƙirgawa. Ƙawata ta kusa Bafulatana ce daga Adamawa, ni kuma daga kudancin Kaduna. Ita ta riƙe mini ɗana na fari ranar baftisma a bakin coci, ni na yi mata zaman jego. Ta rasu shekara 6 da suka wuce, 'ya'yanta har yau Mama suke ce mini.

Matashi Mai Tambaya:
Ni fa abin da na sani game da St. John's ɗaya ne: nan Nzeogwu ya yi karatu. Wanda ya kashe Sardauna. Me ya sa ba wanda ya ambata?

Mai Kula da Zaure:
Tambaya ce, an yarda. Amma a amsa da hankali. Duk wanda ya zagi ƙabila ko addini zan goge, kun san dokar gidan nan.

Baba Mai Ritaya:
Gaskiya ne ɗana, ba abin ɓoyewa ba ne. Chukwuma Kaduna Nzeogwu a Kaduna aka haife shi a 1937, yana jin Hausa kamar ni da kai, ya yi St. John's a farkon shekarun 1950, ya shiga soja a 1957. Shi ya jagoranci harin gidan Firimiya daren 15 ga Janairun 1966. Ya mutu a yaƙin basasa a Yulin 1967 a wajen Nsukka, a Kaduna kuma aka binne shi. Wannan yana cikin tarihin makarantar, ba mai iya kankare shi. Amma ɗaruruwan yara sun bi ta ajin da ya zauna, suka zama likitoci da malamai da alƙalai da ma'aikatan gwamnatin Sardaunan kanta. Ga mahaifin Ɗan Unguwar Rimi ma a cikinsu. Gwamnatin Jihar Arewa tana ba makarantun mishan tallafin kuɗi a lokacin, don ta san tana buƙatar waɗanda suke yayewa.

Ni shekarar 1966 ina ajin ƙarshe. Abin da ya biyo baya a idona aka yi. Ɗakin kwananmu gado 24 ne. Bayan rikicin watan Satumba da Oktoba, gado 9 babu kowa a kai. Yaran Gabas ne, wasunsu a Arewa aka haife su, ba su taɓa ganin garin iyayensu ba. Fada ya kwashe su da dare a bayan mota ya kai su inda za su sami jirgi. Na kusa da gadona ya bar mini akwatin lissafinsa ya ce in riƙe masa sai ya dawo. Malamin kimiyyarmu ma ya tafi, saura wata biyu jarrabawa. Akwatin yana nan a ɗakina.

Matashi Mai Tambaya:
Allah Ya jiƙan Sardauna da duk waɗanda aka rasa. Na gode Baba, ban taɓa jin wannan ɓangaren daga bakin wanda ya gani ba.

Bakaniya:
Ni tambayata ita ce karɓewar ta 1972, riba aka ci ko asara? Don mu a Kano, St. Louis da ke Bompai tana hannun su Sista har gobe. Ƙungiyarsu ta iso Kano daga Ailan tun 1948. Gidajen Musulmi nawa ne suka kai 'ya'yansu mata can, da saninsu da yardarsu? Ni kaina 'yata can ta gama, da hijabinta take zuwa gida hutu, ba abin da ya ragu a addininta. Legas ta mayar wa mishan makarantunsu a 2001, Anambra ma ta yi a zamanin Peter Obi. Me zai hana Kaduna?

Malam Na Tudun Wada:
Hajiya, nawa kike biya a zango? Nan ne maganar take. Gwamnati ba da wasa ta karɓa ba. An fito daga yaƙi a 1970, ana son yaran ƙasa su tashi a tsari ɗaya, kuɗin mai ya fara shigowa, kuma akwai dubban iyaye da ba za su taɓa kai ɗansu inda gicciye ke rataye ba. Da aka ce Rimi College, ɗan mai gadi da ɗan mai faskare suka shiga. Yau sama da shekara 50 ana zuba kuɗin jama'a, Musulmi da Kirista, a gine-ginen nan da albashin malamai. In an mayar, yaran da ke ciki yanzu ina za su? Kuma a Kaduna da muka sani, wadda kogi ya raba mu gida biyu, ki yi tunanin abin da wannan magana za ta tayar.

Bakaniya:
Kuɗin da yawa, ban musa ba. Amma kyautar da ba karatu a cikinta ita ma tsada ce, Malam, sai yaro ya gama ake biya.

Malamar Lissafi:
Ni ina koyarwa a wata makarantar gwamnati, shekara 14 ke nan, ba zan faɗi suna ba. Na karanta abin da Baba ya rubuta game da jan biro a kowane layi, sai da na ajiye wayar na yi shiru. Ajina ɗaya yara 94 ne, kuma aji huɗu nake shiga. In na ba da aikin gida na ce zan duba kowane layi, sai in kwana uku ban rufe ido ba. Gidajen malamai da ke cikin harabarmu rabi sun zube, ni daga nesa nake zuwa, mota biyu. Ƙarfe biyu na yi kowa ya kama gabansa.

Don haka ni ba na ganin sirrin yana cikin farar riga ko sunan waliyyi. A hoton da ɗan'uwanmu ya samu yara 30 ne da malaminsu. Ku ba ni yara 30, ku ba ni ɗaki a cikin makaranta, ku biya ni a kan lokaci, ku gani. Makarantun nan zaɓar yara suke yi da jarrabawa, kaɗan suke ɗauka. Bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976 yara suka yi ambaliya, aka buɗe ƙofa ba a ƙara ɗaki ba.

Baba Mai Ritaya:
'Yata, kin faɗi gaskiya, kuma ni na koyar a ƙarƙashin duka biyun, shekara 33. Abu ɗaya zan ƙara. A da in rufi ya yaye, akwai mutum ɗaya da abin ya hana barci, kuma yana da ikon kiran kafinta da safe. Bayan karɓewa sai ka rubuta wa ma'aikata, ka jira. Ni a shekaruna ban ƙara neman a mayar da komai ba, na san garin da muke ciki. Abin da nake roƙo bai kai haka ba: a rubuta a bakin ƙofa, an kafa 1949 da suna kaza, waɗanda suka kafa su ne su wane. Yaron da ke zaune a ajin nan yau ya san wasu sun haƙa tushen.

Malam Na Tudun Wada:
Wannan kam ba ni da ja a kai, Baba. A rubuta duka, har da shekarar da aka buɗe ta ga kowa.

Ɗan Unguwar Rimi:
Na karanta komai, wasu sau biyu. Yanzu na gane wasu halayen Baba da muke ɗauka nasa ne shi kaɗai. Ba ya barin gado a hargitse ko da zazzaɓi yake. In muka rubuta masa wasiƙa daga makaranta, sai ya dawo mana da ita hutu ya ja layi a ƙarƙashin kurakurai. Kuma duk Kirsimeti akwai wani tsoho da yake zuwa daga Sabon Tasha da kaza a hannu, su zauna a zaure su yi ta dariya da Turanci, da Sallah kuma Baba ya aika masa cinyar rago. Mu dai "abokin Baba" muka sani. Ya zo gaisuwa ranar uku, jikansa na riƙe da shi, bai iya cewa komai ba.

Na sake duba hoton yanzu. Ina jin shi ne na biyu daga hagu, kafaɗarsa na jingine da ta Baba.

Mama 'Yar Kakuri:
To me kake jira? Ka ɗauki hoton ka je Sabon Tasha tun yana da ƙarfin magana. Ka tafi da ɗan naka mai kunnuwan, ka kuma kunna rikoda a wayarka.

Ɗan Unguwar Rimi:
In sha Allahu ranar Asabar, Mama. Na kira jikan nasa, ya ce mu zo bayan la'asar, lokacin ne tsohon ya fi sakewa. Baba Mai Ritaya, in ya faɗi sunan Fadan da ke tsakiyar hoton zan turo maka ta akwatin sirri, ko ka san shi.

Baba Mai Ritaya:
Turo ɗana. Yawancinsu sun zaga makarantunmu, mai yiwuwa ya koyar da ni. Ka tambaye shi kuma wane gida suke a makarantar, da wanda yake tsaron raga a shekararsu.